Kalangun Zurmi a Agege

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Legas ba, raguna na raka. Tun watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, mu malamai muka koma zaman majalisa da jiran labaran rediyo. Da gwamnatin tarayya ta ɗage dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi ran 1 ga Yuli, sai kawuna, wanda tun ina yaro yake kai dabbobi kudu, ya ce tunda zaune nake, in zo in riƙe masa littafi. Babbar Salla za ta kama ran 31 ga watan. Kai ka san ni, iyakar kuduna Kaduna. Na ce to, Kawu.

Ran Alhamis muka yi sammako zuwa kasuwar Shinkafi. Ba sai na faɗa maka irin addu'ar da ake yi tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi ba. A cikin motar ba wanda ya ambaci korona, idon kowa na kan daji. A kara ma haka, ana musabaha, ana cinkoso, dillali na yi maka rantsuwa hancinsa na taɓa naka. Ba don cutar ba ta shigo mana ba. A farkon watan Mayu Sarkin Kiyawan Ƙaura, Alhaji Muhammad Ahmad Asha, ya rasu a Gusau yana killace ana jiran sakamakon gwaji, Allah ya jiƙansa. Amma mutumin da aka kora daga gonarsa da bindiga, da wuya ka razana shi da abin da ido ba ya gani.

A Ƙaura muka yi lodi, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Kullum muna wuce ta ba ma ko waiwaye, alhali nan ne layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a 1929, kuma ɗaya bakinsa yana can bakin teku a Ikko, wato Legas. Da ta nan gyaɗa da auduga da fatu suke gangarawa, mutane ma suna bi. Yanzu tirela ta gaje shi. Raguna a ƙasa, yaran Kawu a kan katakon da aka gicciya a sama, ni da shi a gaba kusa da direba.

Direban ɗan Moriki ne, kuma dukiyarsa a duniya bayan motar ita ce ɗan katin waƙoƙin da ke maƙale a rediyonsa. Daga Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa Ɗanƙwairo muka sha. Da muka karya kwana muka nufi dajin Birnin Gwari, sai ya sa Kassu Zurmi. Na ce haba direba, ka rasa wanda za ka sa mana a dajin ɓarayi sai mutumin da ya waƙe ɓarayi? Ya yi dariya ya ce, "Malam, Kassu ya yi ma 'yan tauri, ya yi ma maharba, kai ɓarayin kaɗai ka riƙe. Kuma ɓarayin Kassu sanda ag gare su da wuƙa. Waɗanga na yanzu ko kirari ba su da." Kawu bai tanka ba, carbi yake ja. Muka fita lafiya. Da dare ya yi, barci ya fara fizgar direba wajen Tegina, sai ya juya zuwa Ɗan Anace, ya ce duk direban da ke jin ana kiran Shago ba ya gyangyaɗi.

Takunkumin fuska kuwa a wuya yake zama. In an hango shinge sai kowa ya ja shi ya rufe hanci, a haska mana na'urar auna zafi a goshi, a yi abin da aka saba yi a shinge, mu wuce, takunkumi ya koma wuya. Tun daga Zamfara har Legas ban ga shingen da aka tambayi lafiyar yaran da ke sama ba.

Bayan Mokwa muka haye Kwara a Jebba, ƙasa ta sake, kore ya yi yawa, rufin kwano mai tsatsa ya maye gurbin soro. A Ilori muka tsaya shayar da dabbobi. Ina zaune a wata rumfar abinci ina fama da amala, wani tuwon garin doya mai duhu da santsi, sai na ji goge na kuka a rediyon mai rumfar. Na ɗago kai ina jiran in ji Hausa, sai murya ta shigo da Yarabanci, a hankali, cikin nauyi. Wani dattijo da ke jin Hausa ya ga na saki baki, ya ce wannan Yusuf Olatunji ne, ya rasu tun 1978, kiɗan kuma sunansa sakara, na Musulmin Yarabawa ne, kuma su kansu sun yarda gogen daga arewa ya zo musu. Ka ji fa. Na yi shekaru ina koyar da yara, ban taɓa sanin gogenmu ya yi ƙaura ya kafa zuriya a kudu ba.

Daga Badun zuwa Legas ba nisa a taswira, amma a lokacin ana aikin hanyar, sai muka wuni muna rarrafe. Dab da shiga gari akwai wata babbar kasuwar dabbobi a bakin kogin Ogun, ita ma Kara suke ce mata, sannan gadar Berger, ƙofar Legas ke nan. Kawu ya nuna mini inda a watan Mayu aka riƙa tare tireloli ana zaƙulo mutanenmu daga tsakanin shanu da buhuna ana mayar da su. Jaridun kudu suna cewa ana shigo musu da cuta. Abin dariya, a daidai lokacin mu a gida cewa muke cutar ta Legas ce, tunda a can aka fara samunta ran 27 ga Fabrairu, a jikin wani ɗan Italiya.

A Alaba Rago muka sauke, can yankin Ojo a kan hanyar Badagry. In aka rufe maka ido aka ajiye ka a nan, ka rantse kana Shinkafi, sai dai laka da warin teku. Damina ce, ruwan Legas kuma ba ya sallama, ba ya ban kwana. Ragunanmu da suka saba da busasshiyar iska suka fara tari. Wata Bayarabiya mai takunkumi har biyu ta zo taya rago, yana yin atishawa ta yi tsalle baya tana salati, yaran Kawu suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ciniki ya yi nauyi da farko, kowa na kukan babu. Kawu bai damu ba. Ya ce bana Saudiyya ta hana baƙi zuwa Hajji, duk alhajin da ya saba yanka a Mina a gida zai yanka. Lissafinsa ya fita. Ni dai ina rubutu, ina mamakin yaran Zurmi da Birnin Magaji da ko firamare ba su gama ba suna ciniki da Yarabanci da Turancin buroka, ni mai takardar shaida ina raba ido.

Abin da ya fara jan kunnena a kasuwar shi ne Narambaɗa. Ba a gidan wani basarake ba, a aljihun wani yaro mai yankan farce. Daga baya na lura abin ya zama ruwan dare: mai shayi, mai gadi, ɗan ga-ruwa, mai faci, kowa da 'yar wayarsa ko ƙaramar sifika, kuma akwai masu tebur da kwamfuta da sana'arsu ke nan, ka ba su kati su cika maka shi da waƙa. Hamisu Breaker na nan, don a shekarar ba inda Jarumar Mata ba ta shiga ba, amma da dare ya raba sai tsofaffin su fito. Ka duba lamarin. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne a ƙasar Shinkafi, da kotsonsa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu hidima, waƙoƙinsa na fada ne, na dawaki da hakimai da 'yan sarki masu jiran gado. Ga su nan a bakin kwata a Ojo, a kunnen yaron da ke kwana a kan benci. Na tambayi yaron me yake ji a ciki. Ya ce shi ba ruwansa da sarki, sunayen garuruwa yake jira, in an ambaci na kusa da su sai ya mayar baya ya sake ji. Mu da ke zaune tafiyar awa guda daga Tubali, yaushe rabon da mu zauna mu ji Bakandamiya daga farko har ƙarshe?

Masaukinmu a Agege yake, gidan fatoman Kawu. Agege tsohon zango ne. Goro ya kai Hausawa can tun zamanin Turawa, jirgin ƙasa ya ratsa ta tsakiyarta, har yau suna da Sarkin Hausawansu da fadarsa, kuma akwai jikokin da ba su taɓa ganin arewa ba amma Hausarsu garau. A gefe guda ga babbar mayankar Oko-Oba. Inda mahauta suka taru kuwa ka san dambe na kusa, inda dambe yake kalangu na nan.

A wurin mai shayin ƙofar gidan na gamu da shi. Dattijo ne siriri, yana zaune a gefen murhu yana juya kalangu a kan wuta a hankali. Na gaishe shi, yana jin bakina ya ce, "Ɗan Ƙaura na? Ɗan wa?" Kafin shayi ya huce ya gano kakana ya gano gidanmu. Shi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi, gadon kiɗa ya yi, ubansa makaɗin maharba ne. Na ce Baba, me ya haɗa kalangu da wuta? Ya ce raɓar Ikko ce, tana saki fata, in bai gasa ta ba muryar ba ta tashi, komai matsa tsarkiya. Fatar ma yanzu wurin wani Bayarabe yake saye, mai haɗa gangan, wato nasu kalangun, wanda in ka gan shi a rataye ba ka bambance shi da namu.

Na zauna da shi dare da yawa, kuma a bakinsa na ji yadda kullen Legas ya kasance, don mu a rediyo kawai muka ji. Daga daren 30 ga Maris zuwa 4 ga Mayu aka rufe garin, mako biyar. Kafin nan ma, tun 1 ga Fabrairu gwamnatin jihar ta hana kabu-kabu a manyan unguwanni, dubban yaranmu suka rasa abin yi. To ka haɗa biyun. Mutumin da sai ya fita yake ci, an ce ya zauna a ɗaki, ɗakin ma su takwas ne a ciki, ana kwana bi da bi. Ya ce tazarar da ake faɗa a rediyo su dariya take ba su. Tallafin da aka yi ta shela kuwa, shi dai labarinsa ya ji.

Amma makaɗi ya fi kowa shiga uku, in ji shi. "Malam, mai shayi ya iya saida shayi ta taga. Kiɗi ba shi ci sai da taro." Abincinsa filin dambe ne. Da yamma mahauta su tashi daga aiki, 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada kowa ya ja zugarsa, shi ya kama taken ɗan dambe tun yana naɗa kara a hannu, ya kira ubansa ya kira garinsu, har tsikar jikin yaro ta tashi ya yi kururuwa ya faɗa fili. In an yi kisa a yi liƙi. Bayan dambe akwai suna, akwai aure, akwai naɗin sarautar kasuwa, akwai rakiyar alhazai da tarbarsu. Korona ta share duka a rana ɗaya. Aka hana taron da ya wuce mutum 20, kuma ba wasa ake ba: a watan Afrilu kotu ta ci fitacciyar 'yar fim Funke Akindele tarar naira 100,000 da aikin gayya na kwana 14 saboda ta tara mutane bikin ranar haihuwar mijinta. In an yi wa mai suna haka, ina ga mai kalangu? Yaran amshinsa biyu, ɗaya ya koma dakon kaya a kasuwar Mile 12, inda tumatir da albasar arewa ke sauka, ɗaya ya shiga bola-jari.

Sau biyu kawai kalangun ya fita waje a kullen, kuma duka biyun ba na kuɗi ba ne. A tsakiyar Afrilu aka yi ta jita-jitar wasu 'yan daba da ake kira One Million Boys suna fasa gidaje a Agege da kewaye. Unguwa ta fito, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri, aka ƙona tayu a bakin layi, aka kwana tsaye da adduna da gora. Wajen ƙarfe biyu barci ya fara kayar da samari, sai wani ya ce a ɗauko Baba. Ya ce rabonsa da taken 'yan tauri tun yana gida, amma hannu bai manta ba. Yaran Yarabawa ba su san me kalangun ke faɗa ba, suka dai ga 'yan arewa sun miƙe suna karkarwa, su ma suka shiga. Na biyun azumi ne, wanda ya kama cikin kullen. Ya riƙa zagaya layinsu yana tashin mutane sahur. A nan ne maƙwabcinsa ya gaya masa su ma Yarabawa suna da wannan al'ada, were suke ce mata, kuma daga cikinta Sikiru Ayinde Barrister ya fitar da fuji, kiɗan da yau ya cika motocin haya da gidajen biki na Legas. Wato wannan ƙarar da ta hana ni sakat a cikin danfo, ƙananan bas ɗinsu masu ruwan ɗorawa, asalinta tashin sahur ne.

Yadda ya rayu kuwa, wayar ɗansa ce. Wani mahauci da ya maƙale a gida ya aiko a yi masa takensa, yaron ya ɗauka ya tura ta WhatsApp, aka turo kuɗi ta banki, suka je wurin mai POS suka cira. Daga nan abin ya bazu. Baba na shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi wa mutumin da ke Kwatano ko Fatakwal kirari na minti uku. Ya ce kuɗin na shigowa jefi-jefi, amma abin ba daɗi, don makaɗi fuskar mutum yake karantawa, ya ga inda kirari ya taɓa shi ya ƙara danna wurin. Waya ba ta da fuska.

Na ce to Baba, me ya hana ka komawa gida ka jira abin ya wuce? Ya dube ni. "Wane gida? Mu tun ba a san korona ba anka kulle muna gari." Ya lissafa mini: farautar rani ta mutu don daji ya samu masu shi, wasan dare a dandali ya mutu, kalankuwar kaka ta mutu, biki ana ɗaura aure a watse kafin la'asar. A ganinsa tun lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999 kiɗan fili ya fara ja da baya, amma bindiga ce ta ƙarasa shi. Iyalinsa ma suna Ƙaura a gidan haya. Ban yi masa musu ba. Kai ma ka san yaushe rabon da ka ji kalangu da dare daga wani ƙauye. Kullen Legas yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, har gwamna Sanwo-Olu na fitowa a talabijin yana bayani. Namu ba wanda ya sanar da shi.

Ana saura kwana kaɗan Salla na ce sai na ga tsibirin, cikin garin Ikko na asali. Ɗan fatoma ya raka ni. An rufe rabin babbar gadar nan ta Third Mainland tun 24 ga Yuli don gyara, sai muka zaga ta tsohuwar hanya. Dokar ta ce danfo ya rage fasinja, direbobi suka rage, suka ninka kuɗin. A ƙofar kowane banki ga rumfa da kujeru da layi har titi, ga bokiti mai famfo da sabulu, ga mai gadi da na'urar auna zafi yana jin kansa. Masu talla a cikin cunkoso sun ƙara haja: takunkumin atamfa kala-kala da 'yan kwalaben man wanke hannu. Kafin mu hau gadar Carter ya nuna mini tashar Iddo. Na leƙa ta taga na ga ɗaya bakin dogon Ƙaura, shi ma shiru, don an dakatar da jirage tun Maris.

A tsibirin akwai unguwar da ake kira Popo Aguda, wajen dandalin Campos, mai tsofaffin benaye da tagogi masu ado irin wanda ban taɓa gani ba. Aguda su ne bayin da aka kai Barazil suka dawo. A cikin waɗanda aka kai ɗin akwai Hausawa, da yawansu kamammun yaƙe-yaƙen zamanin jihadi, kuma a 1835, cikin watan azumi, Musulmin bayi suka yi bore a birnin Salvador na Bahiya, abin da ya sa aka koro wasu zuwa wannan gaɓar. Sun dawo da sana'ar gini, har masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 hannun maginin Aguda ne. Sun kuma dawo da kiɗa da wani bikin rawa a titi da ake kira Fanti, da kayan ado da dokin kara da ganguna, wanda jikokinsu ke yi lokacin Ista da Kirsimeti. Istan 2020 ta faɗo tsakiyar kulle. Na tsaya a gaban masallacin, shi ma a rufe, ina tunanin ko a cikin waɗanda suka haye tekun nan sau biyu akwai wanda aka kama a gefen Alkalawa.

Da muka biyo ta Obalende sai ga Buzaye masu gadi a gindin wani bene, sun naɗe fuska da rawani, suna dafa shayi a ɗan buta, jitar Agadas na tashi a waya, Bombino ne in ji su. Ɗayansu ya ce su korona ba ta kawo musu sabon abu ba, tun kakanni a rufe bakinsu yake. A lokacin iyakar Nijar a rufe take tun Agustan 2019, cutar ta zo ta ƙara mata kwaɗo, ba zuwa ba dawowa sai ta ɓarauniyar hanya. Suka ba mu shayi kofi uku, kamar yadda suke yi, muka yi sallama da Hausa.

Ranar Salla ba a je idi ba. Masallatan Legas a rufe suke tun Maris. Muka yi sahu a tsakar gidan fatoma, wani almajirin malami ya ja mu raka'a biyu. Duk layin hayaƙin babbaka, Yarabawa sun sha anko iyali-iyali, amma manyan bukukuwansu na owambe, masu rumfa da makaɗa da liƙi, babu. Sai sifika a ƙofar gida.

Washegari da yamma Sarkin Fawan wani ɓangare na mayanka ya ce ba za a yi Salla ba kalangu ba. Aka kira Baba cikin wani gida mai katanga, aka sa yaro a ƙofa yana ƙirga kawuna, in sun kai 20 sai wani ya fita kafin wani ya shiga. Ka san mu da ƙirga. Na ga ashirin ɗin da ta fi arba'in. Ɗan dakon Mile 12 ya dawo ya riƙe kuntuku. Baba ya fara a hankali yana lalubo mutane ɗaya-ɗaya, wannan ɗan Shinkafi, wancan ɗan Gummi, wancan jikan Agege ne amma kakansa daga Talatar Mafara ya zo da goro. Ya san uban kowa da sana'ar kakan kowa. Wani ƙaton mahauci da ya wuni yana fiɗa, da aka taɓo taken gidansu sai ya miƙe ya ɗaga hannu sama yana kirari, takunkumi na lilo a kunne ɗaya, ya zazzage aljihunsa a kan Baba. Ni ma ban tsira ba. Ya juyo kaina ya kira kakana da wani laƙabi da rabona da jin sa tun rasuwar kakata, ya haɗa da Namoda da mutanensa. Kuɗin tsarabar da na ware, rabinsu a nan suka tsaya. Ƙarfe tara da rabi fatoma ya ɗaga hannu, don dokar hana fita na farawa ƙarfe goma, kuma masu sintiri sun san gidajen da ake samu.

Ran Juma'a 7 ga Agusta aka buɗe masallatai, da sharaɗin rabin jama'a, kowa da dardumarsa da takunkuminsa. Kawu ya ce mu tsaya mu samu wannan Juma'ar kafin mu juya, tunda akwai sauran bashi da za a karɓo. Aka auna mu a ƙofa, aka fesa mana man wanke hannu, liman ya gajarta huɗuba. Da aka fito na hango Baba a tsallaken titi da kalangu a hammata yana jiran manyan 'yan kasuwa su fito. Filin dambe dai ba a buɗe ba tukuna. Ya ba ni kuɗi a ƙulle cikin leda in kai wa iyalinsa a Ƙaura, da saƙon cewa in an samu mai zuwa a aiko masa da fatar ɗan akuya ta gida, don ta Bayaraben ba ta jure duka.

Tirelar ta riga ta juya da lodin wani, sai muka hau doguwar bas daga Agege. Kuɗin mota ya kusa ninkawa, wai saboda tazara, kujera ɗaya mutum ɗaya, a bar ta kusa da kai. Haka muka fita Legas a sake, kowa na miƙe ƙafa. Muna wuce Badun direba ya tsaya ya cike kujerun da aka bari, ya ƙara wasu mutum shida a kan benci a tsakiya.